Me ya sa bil ɗin intanet da tarhon gida ke hawa kowane Afrilu a Birtaniya?

Tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Maris, kusan kowane gida a Birtaniya yakan samu wasiƙa ko imel daga kamfanin da ke ba shi intanet: kuɗin wata zai ƙaru. A ce maƙwabta uku ne a layi ɗaya a Manchester, kamfaninsu ɗaya, gudun intanet ɗinsu ɗaya, kowannensu yana biyan fam 30 a wata. Da bil ɗin Afrilun 2025 ya fito, na farko ya ga fam 31.92, na biyu ya ga fam 33, na uku kuwa ya ga fam 45 da 'yan kai. Kowannensu zai rantse cewa kuskure aka yi wa ɗaya daga cikinsu. Yawanci babu kuskure. Abubuwa uku ne daban-daban suka faru, sai dai duk sun fito a bil da fuska ɗaya, kuma abin da ya raba su shi ne ranar da kowa ya amince da kwantiraginsa.

Wanda ya saba da tsarin Najeriya ko Nijar, inda ake sayen data a ƙarar sannan a sake saye, shi ne ya fi shan mamaki. A can idan farashi ya tashi, kamar yadda ya tashi bayan hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, mutum yana ganin sabon farashin kafin ya biya, in bai ga dama ba ya rage abin da yake saye. A Birtaniya intanet na gida kwantiragi ne na wata 12, 18 ko 24, doka ba ta yarda ya wuce 24 ba, kuma kamfani ne ke cire kuɗinsa da kansa daga asusun banki. Mutum ya ɗauka ya ɗaure farashi na shekara biyu, alhali kansa kawai ya ɗaure.

Tsohon lissafi: hauhawar farashi da ƙarin 3.9

A watan Satumban 2020 kamfanin BT, wanda shi ne uwar EE da Plusnet, ya sa wani sharaɗi a sababbin kwantiragoginsa: kowace ranar 31 ga Maris kuɗin wata zai hau da adadin hauhawar farashi na ƙasa, a ɗora kashi 3.9 cikin 100 a kai. Ba a daɗe ba wasu manyan kamfanonin suka bi sahu. Vodafone ta ɗauki 3.9 ɗin, TalkTalk ta ɗan rage ta ce 3.7.

Ma'aunin hauhawar da akasarinsu suka zaɓa shi ne CPI, wanda hukumar ƙididdiga ta ƙasa, ONS, ke fitarwa duk wata. Ba matsakaicin shekara ake ɗauka ba. Alƙalumman wata guda ake kamawa, na Disamba, waɗanda ake bugawa a tsakiyar Janairu. Wannan shi ya sa wasiƙun ƙarin ba sa fitowa sai bayan tsakiyar Janairu, kuma shi ya sa mutum kan ji a labarai a watan Maris cewa hauhawar farashi ta sauka, amma bil ɗinsa bai san da zancen ba. An riga an kulle lissafi tun Disamba. Akwai kuma wani ɗan sharaɗi da ba kowa ke lura da shi ba: in CPI ya faɗi ƙasa da sifili, sifili za a ɗauka, ƙarin 3.9 yana nan daram. Bil ɗin hanya ɗaya ya sani, ita ce ta sama.

A shekarar farko babu wanda ya damu. CPI na Disamban 2020 kashi 0.6 ne, ƙarin ya tsaya a 4.5. A 2022 ya zama 9.3, domin CPI ya kai 5.4. A 2023 ne aka ji a jika: CPI na Disamban 2022 ya kai 10.5, ƙarin ya zama 14.4. A 2024 ya dawo 7.9, a 2025 kuma 6.4.

Inda mutane ke ɓata lissafi shi ne su tara waɗannan lambobi su ce jimilla kashi 42.5. Ba haka yake ba, domin kowane ƙari a kan farashin da aka riga aka ƙara yake hawa. Fam 30 na farkon 2021 ya zama 31.35, sannan 34.27, sannan 39.20, sannan 42.30, ya tsaya a fam 45 a 2025. Rabin kuɗin ne cif aka ɗora cikin ƙari biyar, ga wanda ya zauna a kan wannan tsari bai sake ciniki ba.

Virgin Media da O2 kuwa wani ma'aunin suka ɗauka, RPI, kuma na watan Janairu, wanda ake bugawa a Fabrairu. RPI tsohon ma'auni ne da aka cire wa matsayin ƙididdigar ƙasa tun 2013 saboda matsalar da ke cikin yadda ake lissafa shi, kuma kusan kullum yakan fito sama da CPI. A 2023 masu layin wayar hannu na O2 sun ga ƙarin kashi 17.3. Virgin Media ta fara aiki da wannan lissafi a kan intanet na gida a Afrilun 2024, ya ba da kashi 8.8, lokacin da masu BT ke kan 7.9. Don haka mutum biyu za su iya cewa "hauhawar farashi da 3.9" su duka, amma lambobinsu su sha bamban.

Hujjar kamfanonin ita ce kuɗin shimfiɗa sababbin wayoyin faiba da yawan datar da jama'a ke ƙara ci duk shekara. Akwai gaskiya a ciki: Openreach, mai kula da layukan da BT, Sky, TalkTalk da Vodafone ke hawa, tana aikin kai faiba gidaje da wuraren kasuwanci miliyan 25 zuwa ƙarshen 2026, kuma wannan ba aikin kwabo biyu ba ne. Amma hujjar ba ta amsa tambaya guda ba. In kamfani ya san zai buƙaci ƙarin kuɗi, me ya hana ya sa shi cikin farashin da yake talla? Amsar a fili take: fam 28 a allon talla ya fi fam 32 jan ido.

Abin da Ofcom ta hana, da abin da ba ta hana ba

Ofcom, hukumar da ke sa ido kan harkar sadarwa, ta yi bincike ta fitar da sakamako a Disamban 2023. Kashi 55 cikin 100 na masu intanet na gida ba su san abin da CPI ko RPI ke aunawa ba. Cikin waɗanda ke kan irin wannan kwantiragi, kashi 16 ne kawai suka san cewa kuɗinsu zai hau kuma suka san yadda ake lissafa hawan. Cinikin biri a sama ke nan: an sa mutum ya amince da farashin da ko kamfanin bai san shi ba a ranar sa hannu. Hukumar ta yanke hukunci a Yulin 2024, ya fara aiki ranar 17 ga Janairun 2025. Daga ranar, duk sabon kwantiragi ba zai ɗaure ƙari da hauhawar farashi ko da wani kashi cikin 100 ba. In za a yi ƙari, dole a rubuta shi fam da kwabo, a faɗi watan da zai fara, a nuna wa mai saye a sarari kafin ya amince.

Ruɗani biyu suka biyo baya. Na farko, jama'a da dama sun ji labarin a matsayin "an hana ƙari a tsakiyar kwantiragi". Ba a hana ba. Salon faɗarsa aka canza, kuma Ofcom ba ta sa iyaka a kan yawansa ba. Na biyu, dokar ba ta waiwayi tsofaffin kwantiragogi ba. Wanda ya sa hannu a kan tsohon sharaɗi ya ci gaba da zama a kai a 2025, sai in ya sabunta ko ya sauya kamfani.

Kamfanonin ma ba rana ɗaya suka sauya ba. BT da EE sun riga doka, suka koma fam da kwabo ga kwantiragogin da aka ƙulla daga 10 ga Afrilun 2024, da ƙarin fam 3 a wata kowace shekara a kan intanet na gida. Vodafone ta sauya a Yulin shekarar, TalkTalk a Agusta, su ma fam 3. Virgin Media ta jira sai Janairun 2025, ta sa fam 3.50. A nan ne bambancin maƙwabtan nan biyu na farko ya fito. Wanda ya ga fam 31.92 ya ƙulla nasa tun kafin kamfanin ya sauya tsari, aka yi masa kashi 6.4. Wanda ya ga fam 33 ya ƙulla ko ya sabunta bayan sauyin. Kuma "sabuntawa" ba ta buƙatar biro da takarda. Amsa "na yarda" a waya lokacin da wakilin kamfani ya yi tayin ƙarin gudu ko sabuwar na'urar Wi-Fi kan buɗe sabon kwantiragi na wata 24 da sababbin sharuɗɗa, mutum bai ankara ba.

Ko sabon tsarin ya fi sauƙi? Ya fi fitowa fili, wannan babu musu. Sauƙi kuwa ya danganta da girman bil. Fam 3 a kan mai biyan fam 60 kashi 5 ne, ya ci riba idan aka kwatanta da 6.4. A kan mai biyan fam 25 kashi 12 ne. Inda lissafin biyu ke haɗuwa shi ne wajen fam 47: duk wanda ke ƙasa da haka, tsohon tsarin ya fi masa arha a 2025. Kuma waɗanda ke ƙasa da hakan su ne masu neman mafi arha tun farko, ɗalibai da masu ƙaramin albashi da tsofaffi. A cikin 2025 BT da Virgin Media suka ɗaga adadin zuwa fam 4 ga sababbin kwantiragogi. Fam 4 a kan fam 25 kashi 16 ne, ya zarce 14.4 ɗin 2023 da ya tayar da ƙura har aka yi dokar. An gudu ba a tsira ba.

Wanda ya fi ƙarin shekara zafi

Maƙwabci na uku, mai fam 45 da 'yan kai, ba ƙarin shekara ne ya kama shi ba, ko a ce ba shi kaɗai ba. Wa'adin kwantiraginsa ne ya cika. Farashin da ake talla farashin rangwame ne na tsawon wa'adi. Da wa'adin ya ƙare, intanet ba ya ɗaukewa, sai dai a mayar da mutum kan cikakken farashi, wanda kan ɗara na rangwame da fam goma, sha biyar, wani lokaci fiye. In ƙarshen wa'adin ya faɗo a Maris ko Afrilu, abubuwan biyu sai su haɗu a bil guda, mutum ya yi ta fama da lissafin kashi 6.4 yana ganin bai fita ba.

Tun 15 ga Fabrairun 2020 doka ta tilasta wa kamfanoni su aiko da sanarwa tsakanin kwana 10 zuwa 40 kafin wa'adi ya cika, su faɗi ranar, su faɗi sabon farashi, su kuma faɗi mafi arhar tayin da suke da shi. Matsalar ita ce saƙon kan yi kama da talla, a share shi ba a karanta ba. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, wanda wa'adinsa ya cika shi ne mafi 'yanci a cikin ukun nan. Babu tarar fita a kansa. Yana iya tafiya gobe, kuma kamfanin ya san haka, shi ya sa sashen da ke karɓar masu cewa za su tafi yakan fito da farashin da ba ya kan allon talla.

Yadda ake karanta bil ɗin watan ƙari

A buɗe cikakken bil, ba jimillar da ke cikin imel ba. Abu na farko da za a nema shi ne yadda aka rubuta rangwame. Wani bil layi ɗaya ne: intanet, fam 30. Wani kuma layi biyu ne: intanet, fam 50, a ƙasa rangwame, a cire fam 20. Jimilla ɗaya ce, amma a tsohon tsari bambancin yana da nauyi, domin a wasu kwantiragogi a kan cikakken farashi ake lissafa ƙarin, rangwamen kuma ya tsaya inda yake. Kashi 7.9 na fam 30 fam 2.37 ne. Na fam 50 kuwa fam 3.95 ne, wato sama da kashi 13 na abin da ke fita daga aljihu. Wasiƙar ta ce 7.9, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Abu na biyu, kwanaki. Kuɗin wata gaba ake biyan sa, kuma ranar bil ba lallai ta dace da ranar ƙari ba. A ce bil na fita ranar 15 ga wata, farashi zai tashi daga fam 30 zuwa 33 ranar 31 ga Maris. Bil ɗin 15 ga Maris ya ɗauki kwana 31, har zuwa 14 ga Afrilu. Kwana 16 na farko a tsohon farashi, fam 15.48. Kwana 15 na ƙarshe a sabo, fam 15.97. Jimilla fam 31.45, lambar da ba ta cikin wasiƙar kuma ba ta cikin kwantiragi. Wani kamfanin kan bar bil ɗin Maris a fam 30, ya ɗora cikon fam 1.45 a na Afrilu, sai a ga fam 34.45 a zaci an yi ƙari sau biyu. Bil ɗin Mayu ne ke nuna ainihin sabon farashi. In na Mayu bai dace da wasiƙar ba, a nan ne ake da ƙorafi.

Abu na uku, 'yan ƙananan layukan da ke ƙasa: tashoshin wasanni, na'urar ƙara ƙarfin Wi-Fi a ɗakuna, kunshin kira, kuɗin bil na takarda. Dokar fam da kwabo a kan ainihin kuɗin wata take. Waɗannan ƙananan suna da nasu sharuɗɗan, kuma wani da aka bayar kyauta na wata uku ko shida yakan koma na kuɗi shiru.

Ɓangaren tarho

Tsofaffin mazauna ƙasar suna tuna lokacin da ake tallan intanet a fam biyar, sai a ƙananan haruffa a ga kuɗin hayar layi na fam 17 ko 18 a wata. Hukumar kula da talla, ASA, ta kashe wannan dabara a ƙarshen Oktoban 2016, ta ce a haɗe su a farashi guda. Hayar layin ba ta ɓace ba, ta shige ciki ne. Shi ya sa wanda ya ce a cire masa tarho domin ba ya kira da shi yakan ji an ce babu ragin da zai samu, muddin intanet ɗinsa ta tsohuwar wayar tagulla yake shigowa. Layin ake biya, ba kiran ba.

Kuɗin kira kuwa duniya ce daban, kuma nan ne ƙari ke shiga ba a gani. Wanda ba shi da kunshin kira yana biyan kowane minti, a wasu tsare-tsaren har da kuɗin haɗa kira da ake cirewa da zarar an ɗauka. Mai kunshin "kira ba iyaka" ya duba sharaɗin minti 60: a kamfanoni da yawa kiran da ya wuce awa ɗaya ana fara cajinsa, sai dai a kashe a sake bugawa. Lambobin da suka fara da 084, 087, 09 da 118 kuɗinsu iri biyu ne tun Yulin 2015, na kamfanin wayarka da na wanda ka kira, kuma kunshi bai cika ɗaukar su ba. Masu 0800 da 0808 kyauta ne. Kiran ƙasar waje ta tarhon gida ba tare da kunshi na musamman ba, hira ɗaya da 'yan uwa a Kano ko Maraɗi na iya fin ƙarin shekarar gaba ɗaya tsada.

Akwai rukuni guda da lissafinsu ya fita daban: masu tarho kaɗai, babu intanet, akasarinsu tsofaffi. Ofcom ta gano a 2017 cewa hayar layinsu ta yi ta hawa alhali kuɗin da kamfanoni ke kashewa a kan layin yana sauka. BT ta rage musu fam 7, daga fam 18.99 zuwa 11.99, daga Afrilun 2018, ta kuma yi alkawarin ƙarinsu ba zai wuce hauhawar farashi ba, aka sabunta alkawarin a 2021 na shekara biyar. Wanda yake da tarho a BT amma intanet ɗinsa a wani kamfani bai shiga ragin ba. Don haka tsohuwa da ɗanta na iya zama a kamfani ɗaya, ƙarinta da nasa su bi ƙa'idoji biyu.

A kan wannan duka ga sauyin da ake ciki. Ana rufe tsohon tsarin tarho na tagulla. Da farko an sa ƙarshen 2025, aka ɗaga zuwa ƙarshen Janairun 2027. Bayan sauyin, tarho a bayan na'urar Wi-Fi ake soka shi, ba a bango ba. Abu biyu ya shafi bil. A cikakken faiba tarho ya zama abin da ake ƙarawa, da kuɗinsa daban, kuma wanda bai ce yana son riƙe lambarsa ba lokacin sauya tsari ko kamfani yana iya rasa ta. Sannan sabon tarhon yana mutuwa in an ɗauke wuta, abin da tsohon ba ya yi. Ga wanda ya dogara da tarhon gida kaɗai, wajibi ne kamfani ya samar masa kyauta da hanyar kiran agajin gaggawa na aƙalla awa ɗaya in wuta ta ɗauke, yawanci batir ne. Gidan da ke da na'urar kiran taimako ta tsoho ko maras lafiya ya faɗa wa kamfani kafin a taɓa layin.

Yaushe ake iya fita ba tara?

Ƙa'idar gajeriya ce. In an rubuta ƙarin a kwantiragi tun farko, ko da lissafin CPI ko da fam da kwabo, to an riga an amince da shi, babu damar fita kyauta. In kuwa kamfani ya yi ƙarin da ba a fayyace ba, ko ya zarce wanda aka rubuta, dole ya ba da sanarwar aƙalla wata guda, mai saye kuma yana da wata guda daga sanarwar ya fita babu tara.

Sky ta daɗe a kan hanya ta biyu. Kwantiraginta na intanet cewa yake farashi na iya canzawa, ba tare da lamba ba. Ta yi ƙarin da matsakaicinsa ya kai kashi 8.1 a 2023 da 6.7 a 2024, kuma kowane karo masu intanet da tarho sun samu kwana 30 na fita. Sai dai a lura, damar da aka samu a kan intanet ba lallai ta shafi kwantiragin talabijin na tauraron ɗan'adam ba, nasa sharuɗɗan daban ne. O2 kuwa ta nuna a Oktoban 2025 cewa ko alkawarin fam da kwabo ana iya taɓa shi: ta sanar wa masu layin wayar hannu cewa ƙarinsu zai zama fam 2.50 maimakon 1.80 da aka faɗa musu, ta ba su kwana 30 su fita. Ofcom ta nuna rashin jin daɗinta, amma kwanaki 30 ɗin nan su ne duk abin da mai layi ya samu. Daga ranar sanarwa ake ƙirga su, ba daga ranar da sabon kuɗin ya fita daga banki ba. Wanda ya jira sai ya gani a bil, ihu bayan hari zai yi.

Tarar fita kafin wa'adi ana lissafa ta ne da watannin da suka rage, a cire ɗan abin da kamfanin zai huta kashewa. Mai saura wata 14 a kan fam 33 zai iya tarar da tarar ɗaruruwan fam, don gudun ƙarin fam 36 a shekara. Babban kuskuren da baƙi ke yi cikin fushi shi ne soke Direct Debit a banki, wato izinin da aka ba kamfani na cire kuɗinsa daga asusu. Wannan ba ya soke kwantiragi. Bashi ne ke taruwa, a ɗora kuɗin jinkiri, a miƙa wa masu karɓar bashi, a rubuta shi a tarihin bashin mutum inda yakan zauna shekara shida. Ranar da ya je neman hayar gida ko rancen sayen gida zai gamu da shi.

Lissafin da ya kamata a yi kafin a amince

Tun Yunin 2022 dole kamfani ya ba mai saye taƙaitaccen bayanin kwantiragi a rubuce kafin ya ɗauru. A ciki ake ganin farashin farko, ƙarin kowace shekara, da farashin bayan wa'adi. Da shi za a haɗa jimillar wata 24, domin ita ce farashin gaskiya.

A ɗauki tayin fam 28 mai ƙarin fam 3 kowane Afrilu. Wanda ya shiga a farkon Fabrairu zai biya wata 2 a kan fam 28, wata 12 a kan 31, wata 10 a kan 34. Jimilla fam 768, wato fam 32 a wata, ba 28 ba. Wanda ya shiga a farkon Mayu zai biya wata 11 a kan 28, wata 12 a kan 31, wata ɗaya a kan 34, jimilla fam 714. Tayi ɗaya ne, tazarar wata uku ta kawo bambancin fam 54. Wasu kamfanonin kan yafe ƙarin farko ga wanda ya shiga dab da Afrilu, amma sai an gan shi a rubuce. Yanzu a ajiye wannan kusa da tayin wani kamfani mai fam 31 da bai yin ƙari a tsakiyar wa'adi, irin alkawarin da aka san kamfanin Zen Internet da shi: fam 744. Ga mai shiga a Fabrairu, "mai tsadar" ya fi arha da fam 24.

Masu karɓar tallafin gwamnati irin su Universal Credit ko Pension Credit suna da wata ƙofa da ba a cika tallata ta ba, tsarin rangwame na masu ƙaramin ƙarfi, kamar Home Essentials na BT da Essential Broadband na Virgin Media. Farashinsa daga fam goma sha wani abu zuwa ashirin da 'yan kai yake, ba ya hawa a tsakiyar wa'adi, kuma komawa kansa a cikin kamfani ɗaya ba ya jawo tara. Masu bizar karatu ko ta aiki, waɗanda ba su da damar karɓar tallafin gwamnati, yawanci ba sa shiga.

Sauya kamfani ya yi sauƙi tun 12 ga Satumban 2024. Sabon kamfanin kaɗai ake tuntuɓa, shi zai sanar da tsohon, tsohon kuma ya aiko da bayanin tarar da ke kai in akwai, kafin a zartar. Wanda ya ƙulla ta waya ko ta intanet yana da kwana 14 na janyewa.

In kuwa lissafi ya ƙi fita bayan an duba ranar kwantiragi, layin rangwame, kwanaki da ƙananan kuɗaɗe, a shigar da ƙorafi a rubuce, a nemi lambar ƙorafin, a haɗa da hoton taƙaitaccen kwantiragi da bil biyu, na kafin ƙari da na Mayu. A ci gaba da biyan ɓangaren da ba a jayayya a kansa. Ofcom ba ta sasanta rikicin mutum ɗaya da kamfani. Wannan aikin masu shiga tsakani ne guda biyu, Communications Ombudsman da CISAS, kowane kamfani yana ƙarƙashin ɗaya, kuma ba a biyan ko kwabo. Sati takwas aka saba jira kafin a kai musu, sai dai in kamfanin ya ba da wasiƙar cewa magana ta cije, kuma Ofcom ta yanke a rage wa'adin zuwa sati shida daga Afrilun 2026. Hukuncin mai shiga tsakani yana ɗaure kamfani in mai ƙorafi ya karɓa, amma bai ɗaure mai ƙorafin ba, yana iya ƙi ya nufi kotun ƙananan ƙararraki.